Jitar Nura a Gaban Hajiya Babba

Ina shiga gidanmu na unguwar Zahir na tarar an kafa kotu a falo. Ƙanena Nura na durƙushe, ga jitarsa a ƙasa, Baba sai huci yake. Ashe shekara biyu ke nan yana zuwa Jidda kaɗa wani kiɗa wai shi bulus a wani gidan gahawa, mu kuwa muna zaton kwas ɗin kwamfuta yake yi.

Kakarmu Hajiya Babba ta ce, "Kafin a fasa ta, kaɗa mu ji."

Ya kaɗa, sannan ya ce wa kakar tamu, "Wallahi ya sitti, kiɗan baƙaƙen Amurka ne. A waya na koya daga tsofaffinsu."

Ta ja tsaki. "Wace Amurka? Wannan ai molon kakanka ne! Da shi ya ciyar da mu a hanyar Sudan har muka iso nan ƙasa mai tsarki. Kuma ya fi ka iyawa."

Baba ya daina huci. Shekara da shekaru yana gaya wa mutane ubansa malami ne.

Yanzu Hajiya ce ke gyara wa Nura kiɗa. Ku fa, wane asiri kakarku ta taɓa tonawa?