Malamin da ake zagi ranar Alhamis

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Isiyaku, kuma har yau bai bar ni na huta ba. Tare muka koyar da adabin Hausa a wata sakandare a nan Tudun Wada, ajinsa na jikin nawa. Ta bangon da ya raba mu nake jin dariyar ɗalibansa, nawa kuwa sai ƙarar biro.

Ni ma'ana nake rubutawa a allo, daidai, ba ƙari ba ragi. Shi kuwa duk Alhamis sai ya hau tebur ya zauna, ya cire hula, ya ce a zage shi. Sharaɗi ɗaya ne: mai zagin ya faɗi sunan adon maganar da ya yi amfani da shi, in ya kasa ya share aji. Gajere ne mai tumbi, ga tsohon babur, saboda haka kayan aiki ba su taɓa yanke wa yara ba.

Wanda ya ce Malam kamar randa yake ya yi kamance, tunda ga "kamar" a tsakani. Wanda ya cire ta ya ce Malam randa ne ya yi siffantawa, ya kuma ƙara rashin kunya. Yarinyar da ta ce babur ɗin Malam ya tashi da tari, yana roƙon a bar shi ya kwanta, mutuntarwa ta yi, ta ba ƙarfe halin ɗan'adam. Wani ya ce tumbin Malam kan isa unguwar Kongo shi yana Gyallesu tukuna. Kambamawa ke nan, aka ba shi maki cikakke. Na taɓa ce masa a ɗakin malamai yana zubar mana da girman aiki. Ya ce girman ai yana wurina, in ci gaba da ajiye mana.

Na ajiye kuwa. Ba wanda ya zo karɓa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Yaro ya latsa waya, ma'anar kamance ta fito kafin ya ƙifta ido. Aikina wayar ta karɓe, nasa ba ta taɓa shi ba. Zage-zagen da ake yi a cikinta kuwa, na san cewa zai yi babu gishiri, da kuma ya sa rabin garin nan shara.

Watan jiya na je walimar aure a Dutsen Abba, na tarar da tsofaffin ɗalibanmu, yanzu duk alhazai da hajiyoyi. Ana ta randa, ana ta babur, har da masu share hawayen dariya. Mai jan hirar, Alhaji Bala, a ajina ya zauna, bai taɓa shiga na Isiyaku ba. Ashe a lokacin hutun karin kumallo ya riƙa tsintar misalan a bakin ɗaliban Isiyaku. Abin da nake so in sani ɗaya ne, ko akwai wani abu nawa da ya maƙale musu. Sai na ce, "To ni fa, Bala? A ɗan yi mini ko da kamance ɗaya ne."

Bala ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Malam, wane mu. Kai fa malaminmu ne." Ya kawo mini kujera da lemo mai sanyi, ya koma can aka ci gaba da dariya.

A nan na gane yadda rabon ya kasance. Ma'anonin da na rubuta suna nan daidai, sai dai ba wanda ya san daga hannun wa suka fito. Isiyaku jikinsa ya miƙa aka yi misali da shi, don haka duk wanda ya koya a makarantar nan, da wuya ya ambaci kambamawa bai ga fuskarsa ba.

Allah ya jiƙan Isiyaku, ya haskaka kabarinsa. Da zuciya ɗaya nake roƙa masa, ko da yake a wurin addu'ar ma layi na tarar.