Takalmi a Bakin Rijiyar Kwal

Ƙaddur ɗan Milud ya shiga aikin kwal a garin Jarada tun zamanin da jiniyar kamfani ke raba wa gari lokaci. In ta yi kukan safe mata su ɗora shayi. In ta yi na yamma Fada, limamin coci, ya sallami 'yan makaranta, su bi ta gefen unguwar Turawa suna leƙen furannin da aka shuka a jere kamar sojoji a fareti. A wancan zamani komai yana da mazauninsa. Ma'aikaci zai karɓi fitila, ya rataye lambarsa ta tagulla a jikin allo, sannan ya shiga kejin da zai sauke shi. Muddin lambar mutum tana rataye to yana ƙasa, kuma shugaban aiki ba zai tafi gida ba.

Da kamfani ya rufe, jiniya ta yi shiru, aka kwashe fitilu, allon ma wani ya yi ƙyauren akurki da shi. Kwal kuwa yana nan a ƙasa, ga kuma yunwa a sama. Sai maza suka koma haƙa da hannu a bayan gari, ƙananan rijiyoyi waɗanda suke kira sandariya, faɗinsu kaɗan ya ɗara kafaɗun mutum. Ana sauka ne ta ramukan sa ƙafa da aka sassara a bango, a tokare baya da ɗaya gefen, in an kai ƙasa a shiga rarrafe. Ramukan ba sa takuwa da takalmi saboda santsi, don haka kowa yakan tuɓe nasa a bakin rijiya. Da haka takalmi ya gaji lambar tagulla. In ka ga takalmi akwai rai a ƙasa, in babu to rijiya fanko ce. Ba wanda ya kafa wannan doka, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi shakkarta ba.

Ƙaddur bai daɗe yana sauka sandariya ba. Ƙurar kamfani ta riga ta zama dutse a ƙirjinsa, in ya hau tudu sai ya tsaya ya dafa gwiwa yana jan numfashi kamar zuga-zugin da ya huje. Sai ya zama mai igiya. Yakan zauna a bakin rijiyarsu a kan wata tsohuwar taya, yana jawo bokitin kwal, yana kunna injin da ke tura iska ta wani dogon bututun ƙarfe. Mai sauka shi ne ƙanensa Tayib, autan gidansu, wanda shi ma furfura ta fara keto masa, amma bakinsa bai san girma ya zo ba.

"Yaya, ja mana! Ko ka mutu ne a nan sama ba a gaya mini ba?"

"In na mutu wa zai fito da kai, mara kunya?"

"Ai sai in zauna. Nan ƙasa ba kuɗin haya."

Ƙaddur ba ya dariyar irin wannan. Ya wanke gawarwakin abokan aiki da yawa, ya san yadda baƙin kwal ke maƙalewa a ƙarƙashin farce har cikin likkafani. Burinsa ɗaya ne a duniya: kada ya wanke Tayib.

Shi ya sa da aka kafa ƙungiyar gama-kai ta masu koyon ɗaura farantan wutar sola, shi ya ja ƙanen nasa da hannu har gaban shugabanta, Si Bushta. Sharaɗin ƙungiya a fili yake. Wanda ya shiga ya bar rijiya ke nan, in aka sake ganinsa a ƙasa an cire shi, kuma za a toshe rijiyarsa da siminti. Tayib ya yarda yana zumɓura baki.

"To kafin rana ta fara biyan albashi fa, Yaya? Mu tauna haskenta?"

"Ka tauna. Ya fi ƙura."

Koyon ya ja lokaci, sanyi ya shigo, aikin da aka yi alkawari yana ta zuwa gobe. Ana cikin haka labari ya zo cewa za a yi baƙi, tsofaffin masu haƙar kwal daga Sifen da Folan da arewacin Faransa. Garuruwan da aka rufe wa ramukan ma'adinai sun shiga ziyartar juna, kowa ya ga yadda ɗan'uwansa ya yi da nasa raunin. Si Bushta ya ce a gabansu za a toshe rijiyar farko, ya kuma zaɓi ta Ƙaddur, tun da shi ne dattijo kuma yana jin Faransanci. Aka sa ranar Alhamis. Ƙaddur ya kwance igiyarsa ya kai gida, ya cire injin iska, bututun kaɗai ya bari saboda ya kafe a bango.

Ranar Laraba da hantsi Si Bushta ya iso a gurguje cikin mota.

"Baba Ƙaddur, sa jalabiyarka. An ce gobe za a yi ruwa, baƙin nan yanzu za su zo. Motar siminti ma ta wuce. Ina Tayib?"

Suka biya ta gidan Tayib. Matarsa Rabha ta leƙo, hannunta duk ƙullin burodi.

"Ya tafi Wujda, Yaya Ƙaddur."

"Wujda? Yin me?"

"Haka dai ya ce mini."

Ta faɗa tana kallon hannunta. A bayanta, a kan igiyar shanya, farar jalabiyar Tayib ta zuwa birni tana lilo. Ƙaddur ya gan ta. Amma Si Bushta yana ta danna ƙahon mota, Rabha kuma ba ta san inda za su ba, shi ma bai ga dalilin gaya mata ba. Ya koma mota wani abu yana masa nauyi a ƙirji, ya ɗauka ƙurar ce.

Bayan gari ya cika da mutane. An share fili, an kafa rumfa, an jera kujeru da tiren shayin na'ana'a. Baƙi sun sauko suna kallon baƙin tsaunin tarkacen kwal da ke tsaye a kan garin, wata tsohuwa 'yar Sifen ta ce nasu ma haka yake, sai dai sun shuka masa ciyawa. An ajiye faifan ƙarfe a gefen rijiya, motar siminti tana juya cikinta tana ruri.

Si Bushta ya ɗaga murya don baƙi su ji. "Baba Ƙaddur, kai ne mai rijiya. Akwai kowa a ƙasa?"

Ƙaddur ya duba bakin rijiyar. Ya duba gindin dutsen da Tayib yakan ajiye takalminsa, ya zagaya bayan taya. Ƙasa a share, ba ko silifa. Maza da yawa a cikin taron su ma can idonsu ya tafi, suka gyaɗa kai. Ba wanda ya leƙa ciki, domin leƙen ba ya nuna komai sai duhu, kuma ga shaida a fili.

"Ba kowa," in ji shi.

Aka yi tafi. Matasa suka ciccibo faifan ƙarfen suka kifa a bakin rijiya, aka bar 'yar kafa inda bututun ya leƙo. Direba ya fara ja da baya.

A cikin baƙin akwai wani tsoho ɗan arewacin Faransa, Emil, gajere mai faɗin ƙirji, da tabon shuɗi a goshi irin wanda kwal ke bari in ya shiga rauni. Tun da ya sauko yake jin numfashin Ƙaddur, shi ma Ƙaddur yana jin nasa, sun gane juna ba tare da an gabatar da su ba. Ya matso ya taɓa hannunsa.

"Haka kawai za ku rufe? Ba sallama?"

"Sallama da wa, Musyu?"

"Da waɗanda ba su fito ba. Mu ranar da muka rufe ramin ƙarshe, babbanmu ya bugi bututu da guduma, muka tsaya shiru. Don su san mun tafi, kada su yi ta jira." Ya ɗan yi murmushi. "Ba ya cikin takardun shirin. Amma shi ne kaɗai abin da muka yi daidai a ranar."

Si Bushta ya ga abin zai yi kyau a hoto, ya ce a yi. Aka miƙo wa Ƙaddur guduma. Ya durƙusa da ƙyar, ya riƙe kan bututun da hagu, ya buga. Mutanen da ya wanke suka bi ta zuciyarsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu addu'a a ransa. Direba bai kashe mota ba, rurinta ya danne komai. Ƙaddur ya yunƙura zai tashi.

Sai bututun ya motsa a tafin hannunsa.

Ba ƙara ba ce, 'yar girgiza ce, kamar bugun jijiya. Ƙaddur ya tsaya cak. Bugun ya sake zuwa, a jere, irin bugun da mai haƙa yake yi in yana tambayar mai igiya lafiya. Nan take farar jalabiyar nan ta dawo masa, da idon Rabha a kan hannunta. Ya gane abin da ƙanensa ya yi. Tayib ya bar buhunan kwal a ƙasa, ya ɗauka yana da sauran yini guda, ya sauka a ɓoye, ya tafi da takalminsa don kada a gani a kai wa ƙungiya labari.

Ba wanda ya ji sai shi. Ya san abin da magana za ta jawo: ga Si Bushta, ga baƙi, ga masu ɗaukar hoto. Ya buɗe baki ya ce a tsaya, muryar ta fito kamar iskar da ke bin ƙasan ƙofa. Ya sake gwadawa, tari ya sarƙe shi. Bakin motar ya riga ya sauko, siminti ya fara zubowa a gefen faifan. Sai ya ja jiki da gwiwa ya hau faifan, ya kwanta rub da ciki da jalabiyarsa ta Juma'a.

"Tsohon ya faɗi! A kawo ruwa!"

"Wayyo, baƙin cikin rijiyarsa ne!"

Emil ne ya lura hannun Ƙaddur bai saki bututun ba. Ya ɗora nasa a kai, fuskarsa ta sauya, ya daka wa direba wata tsawa da ba ta bukatar tafinta. Mota ta mutu. A cikin shirun kowa ya ji bugun yana hawowa daga ƙasa.

Aka janye faifan. An daɗe ana jira kafin kan Tayib ya ɓullo, baƙi ƙirin sai idanu, takalminsa a rataye a wuya. Ya dubi rumfa, ya dubi Turawa, ya dubi simintin da ya taru a gefen ramin.

"A'a, Yaya, biki ake yi ba gayyata?"

Ba wanda ya yi dariya. Da aka kamo shi ya fito gaba ɗaya, sai aka ga a jiƙe yake sharkaf har ƙirji, alhali rijiyar busasshiya ce tun da aka haƙa ta. Ya sunkuya kusa da kunnen wansa.

"Bangon gabas yana zufa. Ruwan tsofaffin ramukan kamfani ne, ya taru ya iso. Ina jin sa a bayan dutse."

An toshe rijiyar a ranar, bayan baƙi sun koma mota. Si Bushta bai yi faɗa ba. Ya ce sharaɗi sharaɗi ne, in ya ɗaga wa mutum ɗaya gobe duka za su koma ƙasa, kuma ba za a iya cewa ƙarya ya yi ba. Aka cire Tayib. Kafin Emil ya tafi Ƙaddur ya tambaye shi yadda 'ya'yansu suka ci abinci tsakanin rufe rami da zuwan sabon aiki. Tsohon ya ce su an biya su sun zauna a gida, duk da haka rabin unguwarsu ta watse. Ya ce zai faɗa a taro cewa kada a toshe wa mutum rami sai ranar da ya karɓi albashin farko. Wataƙila ya faɗa.

Tayib ya zauna a gida har sanyi ya kai tsakiya. Rabha ta daina gasa burodi kullum. Wata safiya ya zo ƙofar wansa da diga a kafaɗa, bai yi wasa ba, bai kuma roƙa ba.

"Saman tudu duk an toshe. Sai gangare."

"Gangare gabas ne, Tayib."

"Na sani, Yaya."

"Can ruwan yake."

"Na ce na sani. Ko ka zo ko kar ka zo, sauka zan yi."

Ƙaddur ya daɗe a tsaye yana jan numfashi. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko igiya, domin mutumin da zai sauka ko ta yaya gara a ce akwai mai jinsa a sama.

Yanzu can yake zama, a gangaren gabas, inda iska ke kaɗawa ba shinge. Duk bokitin da ya jawo ba ya zubarwa sai ya cusa hannu a ciki ya damƙi ƙasar ya murza. Kwanakin farko takan warwatse ta bi iska. Jiya da ya buɗe tafinsa, a dunƙule ta tsaya.