Waƙar da Ta Ƙi Fita Sai da Hauya

Ko me zan manta a aikin nan, ba zan manta da Lahadin da na yi noma a gaban bagadi ba. Ku sababbin shiga koral, ƙungiyar mawaƙan coci, ku ji.

Damanar bara waccan ce. Ina dawowa daga lakkwal, wato makaranta, a Dogon Dutsi, Pasto ya ba ni riƙon mawaƙan cocinmu, a wani ƙauye kusa da Geceme. Ya ce, "Gwaji ne. Saura sati uku taron coci-coci. In sabuwar waƙa ta fita, aikin naki ne. In ba ta fita ba, ki koma benci."

Tsarinmu murya huɗu ne: muryar mata iri biyu, siririya da mai kauri, ta maza ma haka. Kowace sai an koya mata nata daban, sannan a haɗa. Na sa repetisiyo, wato bitar waƙa, Laraba da Asabar. Cikin mutum sha takwas, uku suka zo. Na yi faɗa har wuyana ya bushe.

Inna Tani, tsohuwar da ke jan mata masu murya mai kauri, ta bari na gama tukuna. Ta ce, "Ke ɗiyata, haki na cin hatsi, ke kina cin mutane. In waƙa kike so, taho gona ki iske mu."

Na tafi, da takalmin coci da kayena, littafin da nake rubuta waƙa. Ashe gayya suke yi, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Baba Ɗanjuma mai babbar murya ya miƙo mini hauya ya ce, "Madam direktiris, ga sandarki." Muna noma muna rerawa. Hannuna ya yi kanta, amma waƙa ta zauna. Kowane turin hauya, bugu ɗaya.

Ranar taro na jera su cikin anko, hannu a ƙirji, na hana kowa motsi, yadda na gani a birni. Na ɗaga hannu. Wayyo! Mata sun kai amshi, maza na baiti na farko, Baba Ɗanjuma shi kaɗai yana can baya kamar amalanken da jakinsa ya gaji. Na hango Pasto ya sunkuyar da kai.

Inna Tani ta raɗa mini, ko da yake raɗarta har ƙofa ana ji: "Ba mu hauyarmu!"

Na jefar da kaye. Na kama iska hannu biyu kamar ƙotar hauya, na tura. Su sha takwas suka tura. Waƙa ta miƙe tsaf! Kafin baiti na uku, rabin coci na noma a tsaye, wata baƙuwa ta rangaɗa guɗa.

Da aka tashi Pasto ya ce, "Wace lakkwal ta koya miki wannan bugun?"

Na ce, "Gonar Inna Tani."

Ya ce, "To, Laraba ki zo da wuri."

Abin da na koya ke nan: mawaƙinmu ba daga takarda yake ɗaukar waƙa ba, daga jikinsa ne. Har gobe ina faɗa, ban fasa ba. Amma kafin in buɗe baki, sai na tambayi gonar wa ake yi.