Madubin Baba Yahuza mai rigar fata

Katangar kara ce tsakanin gidana da na Baba Yahuza a Ketare, saboda haka ko tari ya yi sai na ji. Maharbi ne tun ba a haife ni ba. A da, in ji shi, har dajin Faskari da Sabuwa yake kwana yana bin gwanki. Ni dai da idona ban taɓa ganin ya shigo da abin da ya wuce gada ba, kuma na sha faɗa masa.

Tsufa bai taɓa masa ido sosai ba, hannu ya kama. Rawa yake, in ya ɗauki kofin koko rabi na riga ne. 'Yarsa Shafa'atu ta ɓoye bindigar, shi kuma Lawwali, wanda ke jan samarin farauta yanzu, ya aiko cikin ladabi cewa Baba ya huta, bana ba da shi za a fita ba.

"Ni za a ce wa in huta? Ni na nuna wa ubansa yadda ake ɗura albarushi!"

"To Baba, ɗura koko a baki tukuna," na ce ta kan katanga. Ya jefo ni da takalmi, bai same ni ba.

Ana cikin haka ɗansa Mas'ud, direba, ya kawo masa madubin hangen nesa na hannu, irin mai ido biyu. Yana da wani madanni a sama, in ka danna komai rawar hannunka abin da kake kallo sai ya tsaya cak. Baba ya hau dutsen bayan gari ya danna, sannan ya ce yana ganin zabin daji a gindin kalgo har da zanen jikinsu. Ranar bai zage ni ba ko sau ɗaya.

Sai dai maharbi ba ya shiga daji da abu tsirara. Wuƙa da gora da bindiga duk sai an yi musu riga. Ya kai madubin wa baduku a kasuwar Ƙanƙara, aka ɗinke shi ruf da jar fata, aka rataya layu, gilasan da madannin kawai aka bari.

Ran fita farauta ba wanda ya gayyace shi, ya bi su. Ni ma na bi, don ba a ba ni labarin irin wannan. Yanzu da daji ya zama abin da ya zama ba a yin nisa, nan bayan gonaki ne. Baba ya ɗaga madubi ya danna, duniya ta ci gaba da rawa. Ya sake dannawa. Maimakon ya ce abu ya ƙi, sai ya nuna.

"Ga gada can, a kwance!"

Samari suka kewaye da karnuka suna sanɗa. Suri ne.

Lawwali ya juya baya don kada a ga dariyarsa. Ni ban juya ba.

Baba ya dage cewa hannu aka sa wa madubin. Da Mas'ud ya zo ya jujjuya shi, ya ce, "Baba, batir ne ya ƙare. Ina ƙofarsa?" Tana can cikin fata, an ɗinke ta da laya a kai.

"A farke," in ji Mas'ud.

"A farke me? Ba a farke rigar kayan daji."

Baba ya koma wa baduku da kansa, ya tsaya a kansa har aka yanka 'yar taga aka yi mata maɓalli, aka sa sabon batir.

Fita ta gaba bai bi su ba. Ya hau dutse shi kaɗai da butarsa da madubinsa. Suka dawo da zomo ɗaya duk yawansu. Bayan la'asar, a gindin bishiyar bedi inda ake zama, Baba ya gyara murya.

"Lawwali, da ka zauna a gindin kaɗanya kana cire ƙaya, gada biyu suna kwance a kwarin bayanka. Kai kuma Ɗanliti, rogon da ka tona ba na gonarku ba ne."

Ɗanliti ya tashi wai ana kiransa a gida. Lawwali ya durƙusa.

"Baba, a yi haƙuri. Gobe mu tafi tare."

"Ba na bin ku. Ƙafata ta gama bin yara. Wanda ke son nama ya zo gindin dutse ya yi sallama, in nuna masa. Kuma ƙafar gaba tawa ce."

Haka ake yi har yau. Shafa'atu kan soya ƙafar da yaji, ƙamshi ya tsallako katanga, in yi ta gyaran murya, Baba ya ce maƙwabcin da ya yi dariyar suri ya je ya ci suri.