Abin da Ya Ci Gefen Dalar Yaya Ɗanlami

Ku da kuka san Yaya Ɗanlami, kun san bai taɓa karɓar ƙarfen kuɗi ya sa a aljihu kai tsaye ba. Sai ya sake shi a kan siminti, ya karkata kai, ya saurara. In ƙarar ta yi masa, ya sunkuya ya ɗauka. In ba ta yi ba, ya mayar wa mai shi, ko da liman ne. Mai kokon bakin layinmu a unguwar Nima ta yi shekaru tana gwada canjinsa da kanta tun kafin ya iso, don kada ya tsayar mata da jama'a. Ni ƙanwarsa ce, Hajara, uwa ɗaya uba ɗaya, ni kaɗai na rage. Labarin nan wasu sun ji rabinsa, wasu sun ji shi a karkace. To ku ji shi daga bakin wadda ta yi laifin.

Tela ne, amma zuciyarsa tana cikin wani gwangwanin alewa da yake tara kuɗin zamanin Turawa: anini, kwabo mai huji, taro, sisi, sule, waɗanda yau ko ashana ba za su saya ba. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, ya jera su, ya goge su da ɓarin lemun tsami. Idan ya gama, lemun nan ba ya zuwa bola. Cikin shayinsa yake matse shi. Na taɓa yi masa magana, na ce dattin hannun mutum dubu yake sha. Ya nuna mini kan da ke jikin sule, ya ce sarkin Ingila ya riga ya sha, shi talaka ba zai yi girman kai ba.

Amma akwai guda ɗaya da ba ta shiga gwangwani. Dala ce ta azurfa, mai faɗin tafin hannun jariri, da hoton wata mace mai ƙiba a fuskarta, da rubutu zagaye da gefenta. Mahaifinmu ya zo da ita daga Kano lokacin da yake fataucin goro. Yaya yana kiranta Gimbiya. Sau ɗaya ya taɓa kai ta wurin amininsa Malam Seidu, maƙerin azurfa a unguwar Mamobi, ya wanke ta. Daga nan ya naɗe ta a ƙyalle, ya sa a ƙasan akwati, ya ce ko ido yana rage azurfa. Shekara goma sha biyu bai buɗe ba.

Ni na buɗe.

An haifi jikansa na fari, cibiyar yaron ta turo waje kamar ƙwallon dabino. Mu yadda muka taso, ƙarfen kuɗi ake shafa wa man kaɗanya, a ɗora a kai, a ɗaure da ƙyalle har ta koma. Yanzu masu asibiti sun hana, sun ce da kanta take komawa, ni ma na bari. A lokacin kuwa haka muka sani. Na duba kuɗin da muke kashewa, ƙanana ne. Kwabo kuma yana da huji. Sai na jira Yaya ya tafi masallaci, na ciro makulli daga cikin tsohon takalminsa inda duk gidan ya san yana ɓoyewa, na ɗauko Gimbiya. Da na shafa gefenta na ji kaushi, na ce wannan zai yanki fatar jariri. Ban yi makaranta ba, ban san kaushin nan rubutu ba ne. Na zauna da ɗan dutsen niƙana na goge shi tas. Daga nan duk jaririn da aka haifa a gidanmu da cibiya a waje, Gimbiya ta kwana a cikinsa. Kowane lokaci kuma in ƙara ɗan gogewa, don kariya.

Ranar da asiri ya tashi tonuwa, wani malamin makaranta ne ya zo daga Sabon Zongo, shi ma mai tara irin kuɗin nan, ya yi ta roƙo a nuna masa. Yaya ya sa aka share tsakar gida, ya wanke hannu, ya warware ƙyallen a hankali. Gimbiya ta fito baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, gefe ɗaya ya shafe kamar an gutsiri masa. Malamin ya ce ai irin wannan da rubutu a gefenta. Yaya ya ce akwai. Ya zagaya da babban yatsa sau uku, bai ji komai ba. Ni ina bakin murhu ina juya tuwon da ya riga ya nuna.

Ya fara da zargin ɓeraye. Ya shafa wa sule ƙuli-ƙulin da aka jiƙa, ya ajiye bayan akwati kwana uku. Ɓera ya zo ya lashe tas, ya bar sule yana ƙyalli, ko ƙwarzane babu. Yaya ya sanar wa gida cewa an wanke ɓera daga zargi, har ma ya fi wasu mutane riƙon amana.

Sai iskar teku. Ya ce gishirinta ne, tunda tana cin kwanon rufi. Ya rataye sisi da zare a taga, kullum da safe ya sa tabarau ya duba. Mako biyu babu abin da ya sami sisi sai kashin ƙuda.

Wani maƙwabci ya kawo shawara cewa aikin aljannu ne, a nemi mai ruƙiyya. Yaya ya kalle shi, ya ce aljanin da ya san inda zinariyar ƙasar nan take kwance ba zai biyo kwatar Nima ya zo kankarar dala ɗaya ba.

Ina jin duk wannan, ina dariya a ciki. Dariyar ta ƙare ranar da ya zauna ya yi lissafin hannun da ya taɓa Gimbiya na ƙarshe, ya tuna Malam Seidu.

Mutanen nan biyu tare suka yi ƙuruciya. Shekara arba'in suna zama a benci ɗaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, suna musu a kan komai, har a kan ko ruwan da ake yi zai ɗauke. A kan bencin nan, a gaban jama'a, Yaya ya ajiye dalar ya ce maƙeri ya san yadda ake rage azurfar mutane da magagari a narkar. Na biyo Yaya a baya don in hana, amma na tsaya a gindin katanga ina kallo. Malam Seidu ya ɗauki dalar, ya duba gefen da gilashinsa, ya kai hanci ya shinshina. Ya ɗago kai, idonsa ya sauka a kaina, ya mayar ƙasa. Abin da ya faɗa kawai shi ne, "Wannan ba aikin magagari ba ne." Ya ɗauki butarsa ya tafi.

Kun san Zongo, unguwannin nan namu. Kafin magariba magana ta kai Mamobi, kafin Juma'a ta kai Kasuwar Malam Atta. Mata suka riƙa zuwa suna karɓe 'yan kunnensu da awarwaronsu, wasu ma ba a gama gyarawa ba. Mutumin da aka ba amanar kayan auren rabin unguwa ya koma ana nuna shi da baki. Mako bakwai ina ɗauke da abin nan. Ina tsoron Yaya, gaskiya ce, tun ina yarinya. Wata rana na bi ta gaban rumfar Malam Seidu, na ga babu wuta a murhunsa, yana zaune yana korar ƙuda. Ya gaishe ni yadda ya saba, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Daga nan ban tsaya ko'ina ba sai gaban keken ɗinkin Yaya.

"Yaya, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na goge Gimbiya. Da dutsen niƙa."

Kuna tsammani ya yi faɗa? Ƙin yarda ya yi. Ya ce tausayin Seidu ne ya sa nake ɗaukar laifin da ba nawa ba, kuma baki ba shaida ba ne, in kawo dutsen. Na kawo. Na ɗauka zai gwada da sisinsa, sai ya ce in cire zobena na azurfa, tunda ni na kawo ƙara. Ya goga zoben nan a dutse, ya ajiye shi kusa da dalar, ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya. Zanen iri ɗaya ne. Ya shinshina baƙin da ke fuskar dalar, ya ce man kaɗanya. Sannan ya tambayi yara nawa aka ɗaura wa. Na ce tara.

Ya sa aka tara waɗanda ke gida, daga mai shekara goma sha biyu har mai rarrafe, aka jera su a tsakar gida, kowa ya ɗaga riga. Ya bi su ɗaya ɗaya yana leƙa cibiya kamar mai sayen rago. Duk sun kwanta, ban da ta Abdurrazaƙ, wadda har yau tana nan a tsaye. Ya daɗe a kanta, ya ce a nan Gimbiya ta yi ha'inci.

Bayan la'asar ya sa babbar rigarsa, ya ce in ɗauki dutsen a ka in biyo shi. Haka muka ratsa Nima, ni da furfurata da dutsen niƙa, mutane suna tambaya ko ƙaura nake yi. Ya aika aka kira Malam Seidu zuwa ƙofar masallaci, wurin da aka yi maganar farko. Yaya bai taɓa ba wani haƙuri ba tun da aka haife shi, na kuma san ba zai fara ranar ba. Ya jira jama'a suka taru, ya ɗora dutsen a kan benci, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ga ɓarawon. Dutse ne. Ni kuma jaki ne, ku kai wannan ma Mamobi."

Malam Seidu ya ce ai ya sani tun ranar da ya duba.

"To me ya hana ka faɗa?"

"Dutsen na gidanka ne, Ɗanlami."

Yaya ya tsaya yana gyara hular da ba ta karkace ba. Sannan ya zaro dalar ya miƙa masa, ya ce ya sa magagari ya daidaita gefen da kyau, aikin Hajara na ganganci ne, kada wata rana ya yanki ɗan mutane. Malam Seidu ya matsa gefe, Yaya ya zauna. Kafin in sauke numfashi har sun fara musu a kan wane ne ya fi tsufa.

Mata suka dawo da kayansu, wuta ta sake kamawa a rumfar Mamobi. Shekara takwas suka ƙara a bencin nan. Ranar da Yaya ya rasu, Malam Seidu ne ya yi masa wanka, bai bar kowa ya karɓe shi ba. Har yanzu in ya zo la'asar, a ƙarshen benci yake zama, ya bar wurin mutum ɗaya.

Allah Ka jiƙan Yaya Ɗanlami, Ka yafe masa zafin bakinsa, Ka yafe mini shiruna na mako bakwai. Ka sanyaya masa makwanci, in lokacin amininsa ya yi kuma Ka zaunar da su kusa da juna. Amin.