Ɗinkin Dakta a Hannun Baba

Mahaifina marubucin Alƙur'ani ne. Kakanninsa daga Borno suka zo suka zauna a wani lungu kusa da Ƙofar Ruwa, kuma tun da na buɗe ido a zaure nake ganinsa, takarda a kan gwiwa, alƙalamin kara tsakanin yatsu uku. Ba ya duba littafi, daga ka yake zubowa, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja. A shekarar da soja suka ce za su koma bariki, yana tsakiyar wani rubutu da ya ce shi ne na ƙarshe, kuma ba na sayarwa ba ne, na gida ne, mu zai bar wa.

Da damina abin ya faru. Santsi ya kwashe shi a tsakar gida da kwalbar tawada a hannu, kwalbar ta fashe, gilashi ya shige masa wuyan hannun dama ta ɓangaren tafi. Lokacin ina gidan mijina a Jakara. Kafin in iso an riga an kai shi wurin Dakta.

To, bari in faɗa muku wane ne Dakta. Ɗan maƙwabtanmu ne, wanda Baba ya koya wa karatu tun yana yawo ba wando. Ya buɗe kemis a bakin lungu, ya sayi farar riga, shi ke nan ya zama Dakta. Ko ƙofar makarantar likita bai taɓa leƙawa ba. Ya wanke ciwon, ya ɗinke fata kamar mai ɗinkin buhun gero, ya naɗe da bandeji. A wannan watan ne kuma ya manna hotonsa a bangon kowane gida yana neman kansila.

Ciwo ya rufe da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Sai 'yan dubiya suka fara sintiri, kuma tambayar kowa iri guda ce. Mutum zai kama hannun ya latsa, ya ce, "Malam, akwai zafi?" Baba ya ce babu. Sai mai tambaya ya juyo ya dubi jama'a kamar shi ya yi aikin, ya ce alhamdu lillahi, an samu lafiya. Dattawa masu gemu har ƙirji, 'yan kasuwar da ba a cutarsu a awo, duk babu wanda ya tsaya ya tambaya ko yana jin latsawar ma. Ba ya ji. Babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, sun zama kamar na aro.

Ni na fara lura ranar da na kai masa shayi. Ya riƙe kofin gilashi yana ta hira, da ya ajiye sai na ga yatsun sun yi bororo. Na ce, "Baba, ka ƙone." Ya duba kamar hannun wani ne. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya ce, "Uwata, ban ji ba." Na ɗauko alƙalami na sa masa. Ya zame. Na sake sa masa, ya sake zamewa. Ranar na yi kuka a bayan ƙyaure, don na tsorata ƙwarai.

Na ce asibiti za mu. Nan fa na taɓo abin da ya fi ƙarfina. Ashe hannun Baba ya riga ya shiga siyasa ban sani ba. Duk inda Dakta ya tsaya da lasifika sai ya ce, "Ku tambayi wanda ya ɗinke hannun Malam." A kai Baba asibiti yanzu, in ji mutanen lungu, an tozarta ɗan unguwa ke nan a gaban abokan hamayya. Dakta da kansa ya zo, ya durƙusa har ƙasa, ya ce da ni, "Yaya, jini ne bai gama sauka ba. A riƙa shafa man zafi. Da an gama zaɓe ni da kaina zan kai shi wurin babban likita, abokina ne."

Na ce abokin nasa ya mutu ne sai bayan zaɓe zai tashi? Baba ya daka mini tsawa, abin da bai saba ba. Ya ce yaron almajirinsa ne, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ba zai kunyata shi a bainar jama'a ba. Kara ce ta cinye mahaifina. Ina girmama shi har gobe, amma wannan karar na tsane ta.

Aka yi zaɓen kansila. Da mota aka zo ɗaukar Baba, shi da ko sau ɗaya ba a kawo masa mota don asibiti ba. A rumfar zaɓe babban yatsan ya ƙi dannuwa, sai da ya sa hannun hagu ya tallafo shi ya dangwala. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ga abin da ya rage wa hannunsa. Dakta ya ci, ya koma Onarabul. Na je masa, ya ce a bari a yi na gwamna. Aka yi, ya ce saura na shugaban ƙasa. Aka yi, ya ce ai sai an rantsar. Duk wannan lokacin ina kallon tudun naman da ke gindin babban yatsan Baba yana lotsawa, har wurin ya zama rami.

Da damina ta sake zagayowa na daina neman izinin kowa. Na ce da Baba in bai bi ni asibiti ba, ba zan ƙara taka gidan ba. Ya bi ni, yana ta waige a lungu kamar mai satar hanya.

Likitar da ta duba shi ba ta da yawan magana. Ta ce ya haɗa kan babban yatsa da kan ƙaramin, ya kasa. Ta ja auduga a kan yatsun ɗaya bayan ɗaya idonsa a rufe. Ƙaramin ya ji, rabin na zobe ya ji, sauran shiru. Sai ta buɗe tafin hannunta ta nuna mana. Ta ce mu komai jijiya muke ce masa, alhali iri-iri ne: akwai mai kai jini, akwai mai jan yatsa kamar igiya, akwai mai kai saƙo tsakanin hannu da ƙwaƙwalwa. Masu saƙon manya uku ne. Ɗaya tana ɗaga hannu daga baya, ɗaya tana kula da ɓangaren ƙaramin yatsa, ta tsakiya kuwa ta wuyan hannu take bi, dab da fata, ita ke riƙe da yatsun alƙalami. Ita gilashin ya datse, aka rufe fata a kanta. Ta ce da an zo da wuri da an haɗa ta da kyakkyawan zato. Yanzu ma za a haɗa, ji zai iya dawowa kaɗan, amma naman da ya daɗe ba saƙo da wuya ya farfaɗo.

Aka yi aikin. Bayan watanni yatsun suka fara tsikari, suna zugi kamar ana soka masa allura. Baba ya yi murna da zugin nan, ni ma haka. Mutanen lungu kuwa, Allah ya shirye su, suka ce ga shi nan, asibiti ta ɓata abin da Dakta ya gyara. Hannu yana zaune lafiya ba ya ciwo, 'yarsa mai taurin kai ta je ta tono masa.

Wata safiya ya ce in ɗauko masa takardun. Na shimfiɗa masa shafin da ya tsaya, rabinsa rubutu rabinsa fari. Ya sa in ɗaure masa alƙalami a yatsu da zare. Bai taɓa shafin ba, ya gwada a wata 'yar takarda tukuna. Alif ɗaya ya ja, ya fito a karkace kamar na yaron da ya fara allo jiya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce in kwance zaren.

Muna cikin haka sai ga Onarabul da 'yan rakiya, ya yi ƙiba, farar rigar ta koma babbar riga. Ya kama hannun ya latsa, ya ce, "Malam, akwai zafi?"

Baba ya ce, "Akwai."

Ya girgiza kai cikin tausayi, ya dubi mutanensa ya ce, "Kun ji ko? Lokacin da yake hannuna babu."

Na buɗe baki, Baba ya dube ni, na rufe. Bayan sun fita ya tattara takardun da hannun hagu, ya miƙo mini, ya ce, "Uwata, ajiye inda ruwa ba zai taɓa ba." Suna wurina har yau, shafin nan rabinsa fari.