Kunnen Meshak

Meshak ɗan ƙanwar babana ne, wato taubashina, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun daga kakanni. Abin da za ka fara gani a jikinsa kunne ne. Lokacin da aka haife shi a Kafanchan, kunnen ne ya fara fitowa ranar Talata, sauran yaron ya biyo baya ranar Laraba. In ruwa ya kama mu a hanyar makaranta, mu uku muke fakewa a ƙarƙashin na hagu. Har ya yi furfura ba mai ce masa Meshak Luke, sai dai Meshak Kunne, kuma ni na raɗa masa.

Babansa, Baba Luke, ma'aikacin reluwe ne. In jirgi ya tsaya a tasha, sai ya bi ƙafafun ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya da wata guduma mai doguwar ƙota, yana bugawa yana saurare. Lafiyayyar ƙafa tana amsawa da zaƙi, mai tsaga kuwa sai ta ce tak, ta yi shiru. Da tsohon ya rasu, 'yan'uwa suka raba gona da kwanon rufi, Meshak ya ce shi ƙotar gudumar nan kawai yake so. Kan gudumar ma ya daɗe da ɓata.

Da wannan sanda ya ci abinci shekara ashirin da wani abu a Fadan Kaje, yana gyaran injin niƙa. Zai ɗora bakinta ɗaya a jikin inji, ɗayan a kunnensa, ya rufe ido kamar mai addu'a, can ya ce, “Kwance nan.” A kwance, a tarar da ciwon a wurin. Matarsa Keziya ta rantse mini cewa wata rana yana cin tuwon acca ya ajiye loma ya ce injin wata mata a Gwantu zai tsinke bel kafin Juma'a. To, ba ta rantse ba, amma ba ta musa ba.

Shekara tara da suka wuce, ƙungiyar masu shanun madara da ke hanyar Zangon Kataf ta sayo tsohon injin naɗe ciyawa daga ƙasar waje. Jan abu ne ƙato kamar rumbu a kwance. Tarakta na jan sa, haƙoransa na tsince busasshiyar gamba daga ƙasa, bel-bel na juya ta a ciki har ta zama dunƙule kamar ganga, igiya ta ɗaure, sannan ya buɗe baya ya ajiye ta a fili ya wuce. Ranar farko muka sa masa suna Kaza, don kamar ƙwai yake sakawa. Littafin da ya zo da shi kuwa, shugabar ƙungiya Mama Rosemary, wadda ta yi hedimistires shekara talatin, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa ta ce wannan ba Turancin da ta koyar ba ne. Aka aika a kira Kunne.

Kaza ta zo da halinta. Makon farko duk ƙwan da ta saka gefe ɗaya ƙato ne, ɗayan siriri, in ka tura shi sai ya yi ta zagaye wuri ɗaya. Meshak ya bi ta a baya da ƙafa sau biyu, ya tsayar da direban, Derrick, dattijon coci mai 'ya'ya biyar wanda ko warin burkutu ba ya so.

“Dattijo, tuƙinka ya cika tsoron Allah,” in ji Meshak. “Kana bin layi sak, ciyawa na shiga gefe ɗaya. Tuƙa kamar wanda ya fito gidan giya. Hagu kaɗan, dama kaɗan.”

“Oga, in Fasto ya gan ni fa?”

“Ka ce ni na saya maka.”

Ƙwai suka dawo daidai. In Kaza ta shaƙe ta ƙi haɗiya, sai ya murɗa ciyawa kusa da kunne, in ba ta yi ƙas-ƙas ba ya ce a zauna raɓa ta bushe tukuna. In bel ya zame gefe, ya san ciyawa ce ta nannaɗe a rola. In igiya ta ƙi yankewa, ya ciro 'yar wuƙar da ke yanka ta ya wasa. Amma yakan ce duk waɗannan ido ma yana gani. Abin tsoro shi ne boris, ɗan ƙarfen da rola ke juyawa a kai. Kafin ya ƙone yana wani siririn kuka kamar na sauro, in ba a ji ba sai ya yi ja, kuma yana zaune ne a tsakiyar busasshiyar ciyawa. Shekara shida Kaza ba ta taɓa yin ko hayaƙi ba. Shanun ƙungiya suka riƙa wuce rani da ƙiba har suna jin kunyar shanun maƙwabta.

Abin da ba mu sani ba, injin niƙa ya riga ya cinye kunnen, kuma siririn sauti ne ya fara tafiya. Keziya ce ta fara lura, don tana kiransa daga kicin ba ya amsawa. Ta yi wata uku tana lallashi, har ya yarda za su je asibiti a Jos bayan sujadar godiyar kaka.

Ranar godiyar, bayan an tashi ana cin abinci a harabar coci, na tsaya a bayansa na ce, “Kunne, Keziya ta ce za ta koma gidan ubanta.” Shiru, yana ta cin shinkafa. Na ce, “Akuyarka ta haifi tarakta.” Shiru. Mutane suka fara ƙyalƙyala. Ni kuwa in aka yi mini dariya sai kaina ya kumbura, na ɗaga murya na ce, “Jama'a, ku ga kunne kamar faifai, ashe ado ne kawai!” Matan zumunta har da riƙe ciki. Ya waiwayo, ya ga kowa na dariya yana kallonsa, sai shi ma ya yi dariya, bai san ta mece ce ba. Kafin yamma wani ya kai masa labari. Jos ɗin da bai je ba ke nan.

Keziya ta tare ni a bakin rijiya ta ce, “Boaz, wata uku na yi ina gini, ka rushe da minti biyu.”

Na ce, “Haba matarmu, wasa ne fa.”

“Wasa ne,” in ji ta, ta ɗauki bokitinta.

Shekara ta zagayo, Nuwamba, muna fili na ƙarshe da tsakar rana. Ni ina cikin masu mirgina dunƙulen ciyawa zuwa inda ake tarawa, mata suna gyara layi da manjagara. Derrick ya tsayar da tarakta bai kashe ba, ya sauko.

“Oga Meshak, kamar ina jin wani ƙara siriri ta gefen dama. Ka ji?”

Meshak ya kalli bakinsa, ya ɗauko sandar, ya ɗora, ya rufe ido. Ya daɗe fiye da kullum. Kowa ya tsaya yana kallo. Da na bar shi, na yi imani da ya ce a kashe a kwance, don ba abin da zai rasa. Amma ya buɗe ido daidai lokacin da nake bayan Derrick na kama kunnuwana biyu ina kaɗa su kamar jaki, mata suna rufe baki da zane.

Ya sauke sandar ya ce, “Ba komai. Ci gaba.”

“Oga, ka tabbata?”

“Ni ne Kunne ko kai? Ci gaba.”

Ƙwai huɗu Kaza ta ƙara sakawa. A na biyar muka ga hayaƙi ta gefen dama, kafin mu yi ihu wuta ta tashi sama. Derrick yana gaba bai gani ba. Meshak, da shekarunsa hamsin da bakwai, ya riga mu duka isa. Ya shiga tsakanin tarakta da Kaza, ya zare ƙarfen da ya haɗa su da hannunsa, wuta na zuba masa, yana ihu Derrick ya ja gaba. Tarakta ta tsira, Derrick ya tsira. Kaza ta ƙone ƙurmus. Iska ta kwashi wutar ta kai inda muka tara ciyawar shekara guda, muna tsaye da ganye a hannu kamar za mu kori ƙuda. A nan ba zan ƙara gishiri ba, ba a bukata.

Bayan mako biyu aka kira taro a ƙarƙashin mangwaron ƙungiya. Meshak ya zo da hannu biyu a naɗe da bandeji, Keziya na gefensa. 'Yan kwamiti suka ce maganar a fili take. Kunne da kansa ya saurara ya ce boris lafiya, kuma Kunne bai taɓa kuskure ba, saboda haka laifin direba ne, ko gudu ya yi, ko ya bar ciyawa ta taru a salansa. Mama Rosemary ta tambayi Derrick ko yana da magana. Ya kalli Meshak, ya kalli hannun da ya ƙone dominsa, ya ce, “Ba ni da magana, Mama.” Ni ina zaune a benci na baya, na san komai, kuma bakin nan nawa da ba ya rufuwa ko a jana'iza ya rufu gam.

Meshak bai ji ko kalma ɗaya a taron ba. Abin da ya gani kawai, Derrick ya tashi ya ajiye makullin tarakta a kan tebur. Sai ya miƙe.

“Mama, ku mayar masa da makullinsa.” Muryarsa ta fita da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa. “Derrick ya ji. Ya gaya mini. Ni ne ban ji ba. Shekara biyu ke nan ban ji kukan boris ba, fuskar Derrick nake kallo, in ya yamutsa sai in ce a canja. Ranar nan na sa sanda, ban ji komai ba, ko injin ma da ƙyar. Na ji kunya a ce direba ya riga Kunne ji. Ni na ƙona Kaza, ni na ƙona abincin shanunku.”

Bai ambaci sunana ba, ko inda nake bai kalla ba. Ya sa Keziya ta ciro sandar Baba Luke daga jaka ta ajiye kusa da makullin, ya ce ta Derrick ce yanzu. Mama Rosemary ta cire tabarau tana gogewa, ta daɗe tana gogewa.

Ranin nan shanun ƙungiya suka rame har kana iya rataye hula a ƙugunsu, aka sayar da kusan rabi. Ba a sake sayen wata Kaza ba, gawarta na nan a gefen fili, awaki na hutawa a inuwarta. Meshak ya je Jos daga baya, likita ya ce da ya zo da wuri da an taimaka masa fiye da haka. Yanzu citta yake nomawa a bayan gida, yatsu uku na dama ba sa lanƙwasa.

Na yi wata biyar ban taka gidansa ba. Da na je, na gaishe shi da ladabi kamar suruki, na zauna ina kallon ƙasa. Na je sau biyu, sau uku, haka. A na huɗu yana yanka citta a tabarma, ya ajiye wuƙa.

“Boaz, na mutu ne?”

Na girgiza kai.

“To me ya sa kake zuwa mini gaisuwar makoki? Kowa ya daina yi mini magana, sai ɗaga hannu. Kai ma?”

Na fara cewa ranar nan ni ne, ya ɗaga hannun nan mai tabo ya tsayar da ni.

“Ban ji ba, kuma kada ka maimaita. Zage ni kawai. Amma ka juyo nan in ga bakinka, ka yi a hankali.”

Na matso gabansa, na buɗe baki sosai yadda zai karanta, na ce kunnensa ya isa a shanya cittar gonar nan duka, har a bar wa maƙwabta wuri. Ya bi leɓena da ido har ƙarshe, sannan ya fashe da dariya, da ƙarfi, har kaji suka watse. Keziya ta leƙo daga kicin, ta kalle mu, ta koma ciki. Ya ce in ƙara wani. Maimakon haka, sai na ɗauki ɗaya wuƙar na taya shi yanka.